Injin Taimakon Zuciya Da Kumburin Da Ke Ɓoye A Cikin Jini

Gabatarwa

Tun zamanin da, bugun jijiya shi ne shaidar farko da ɗan Adam yake nema idan yana son ya tabbatar mutum yana da rai. Sai ga shi a yau akwai dubban mutane a Amurka da Turai da Japan waɗanda suke zuwa kasuwa, suke hira da jikokinsu, amma idan aka dafa wuyan hannunsu da ƙyar a ji wani bugu. Dalili kuwa shi ne, wani ɗan inji da aka dasa musu a ƙirji ne yake tura jini a jikinsu, kuma shi injin juyawa yake yi ba dare ba rana. Tsohon mataimakin shugaban ƙasar Amurka, Dick Cheney, ya yi wata 20 ɗauke da irin wannan inji, daga Yulin 2010 zuwa Maris na 2012, lokacin da aka yi masa dashen zuciya.

Babu shakka wannan inji yana daga cikin manyan nasarorin aikin likita. Sai dai akwai tambayar da ta daɗe tana damun masana. Injin kan mayar da gudun jini daidai, amma duk da haka gwajin jinin majiyyata da yawa yakan ci gaba da nuna alamomin kumburi watanni bayan tiyata. To, yaya ya kamata a yi da waɗannan alamomi? Matsayin wannan maƙala shi ne, wajibi ne a riƙa auna su a kai a kai, a saurare su kamar yadda alƙali yake sauraron shaidu. Amma ganganci ne a far musu da magani don kawai a ga adadinsu ya sauka, muddin gwaji bai tabbatar da cewa hakan zai amfani majiyyaci ba.

Gazawar zuciya da injin da ke tallafa mata

Zuciyar baligi tana bugawa kimanin sau 100,000 a kowace rana, tana kuma tura jini kimanin lita 5 a minti ɗaya idan mutum yana hutawa. Ɗakuna huɗu gare ta. Mafi ƙarfinsu shi ne ɗakin ƙasa na ɓangaren hagu, domin shi ne yake harba jini cikin babbar jijiyar da ake kira awota, daga nan jinin ya watsu ko'ina a jiki. Idan naman wannan ɗaki ya raunana, sakamakon hawan jini ko toshewar jijiyoyin zuciya ko ciwon naman zuciyar kansa, sai jini ya riƙa cunkushewa a baya. Ruwa ya taru a huhu, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya, har ta kai mutum ba ya iya kwanciya sai ya jingina. Wannan shi ake kira gazawar zuciya, kuma ƙiyasin shekarar 2017 ya nuna cewa mutum kimanin miliyan 64 ne suke fama da ita a duniya.

Idan ciwon ya kai matakin da magani ba ya tasiri, babbar mafita ita ce dashen zuciya, wanda Christiaan Barnard ya fara yi a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a watan Disamba na 1967. Amma zukatan da ake samu ba su taɓa isar masu buƙata ba. Wannan ne ya sa aka koma ga inji. Tun a 1966 Michael DeBakey, a birnin Houston na Amurka, ya tallafi zuciyar wata mata da famfo na tsawon kwana 10, ta kuma farfaɗo.

Injin na yau, wanda likitoci suke taƙaita sunansa da haruffan LVAD, bai kai dunƙulen hannu ba. Ana ɗinke bakinsa a ƙarshen ɗakin hagu, ya zuƙo jini, wata 'yar farfela ta tura shi ta cikin bututu zuwa awota. Wutar da yake aiki da ita tana zuwa ne ta wata waya da ta huda fatar ciki ta fito waje, ta haɗu da na'urar sarrafawa da batura biyu waɗanda majiyyaci yake ratayawa. Zuciyar tana nan a wurinta, injin ɗaukar mata nauyi kawai yake yi.

Amfaninsa ba abin musu ba ne. A gwajin REMATCH da aka buga a 2001, an raba majiyyata 129 da ba su cancanci dashe ba gida biyu. Bayan shekara ɗaya, kashi 52 cikin 100 na waɗanda aka sa wa inji suna raye, alhali kashi 25 ne kacal suka rayu cikin masu shan magani kaɗai. Da injin HeartMate 3 na baya-bayan nan kuwa, sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna cewa kashi 58 cikin 100 sun kai shekara biyar.

Mene ne kumburi, kuma yaya ake auna shi?

Kada mai karatu ya haɗa kumburin da ake magana a nan da kumburin ƙafa da taruwar ruwa take jawowa. Abin nufi shi ne martanin da garkuwar jiki take mayarwa idan nama ya ji rauni ko ƙwayar cuta ta shiga. Duk wanda ƙaya ta taɓa sokewa ya san shi: wurin ya yi ja, ya tasa, ya yi zafi, ya yi zogi. Waɗannan alamu huɗu, wani marubucin ƙasar Rum mai suna Celsus ya lissafa su tun a ƙarni na farko. Amma akwai irin wannan martani da yake faruwa a ɓoye, ya bazu cikin jini, ya ɗauki watanni ko shekaru, ba tare da ido ya ga komai ba. Sai a ɗakin gwaji ake gano shi.

Fararen ƙwayoyin jini suna aika wa juna saƙo ta hanyar wasu ƙananan furotin. Biyu daga cikinsu sun yi fice: wanda ake kira TNF, da kuma intalukin na 6, wato IL-6. Idan IL-6 ya isa hanta, sai ta fara sarrafa wani furotin mai suna CRP. William Tillett da Thomas Francis ne suka gano CRP a 1930 a Cibiyar Rockefeller ta birnin New York, a jinin masu ciwon namoniya. Yakan fara hawa cikin awa 6 zuwa 8 bayan rauni ko shigar cuta, ya kai ƙololuwa cikin kwana biyu, kuma yana iya ninkawa har sau 1,000. Da zarar musabbabin ya kau, rabinsa kan ɓace cikin awa 19 ko kusa da haka. Saurin hawa da saukarsa, tare da arahar gwajinsa, su suka sa ya zama alamar kumburi da aka fi aunawa a duniya.

Dangantakar waɗannan sinadarai da gazawar zuciya ta fito fili ne a 1990. A shekarar, Beth Levine da Milton Packer da abokan aikinsu a New York suka gwada jinin majiyyata 33 da na lafiyayyu 33, suka tarar TNF ya yi yawa a jinin majiyyatan, musamman waɗanda ciwon ya ramar da su ƙwarai. A 1999 kuma wasu masu bincike a Landan suka nuna wata hanya da kumburin yake bi. Idan jini ya cunkushe, bangon hanji kan jiƙe ya saki, gubar bakteriyar da ke zaune a hanjin ta tsallaka cikin jini, garkuwar jiki ta harzuƙa. Daga nan aka fahimci cewa gazawar zuciya ciwon jiki ne gaba ɗaya.

Abin da aka gani bayan an sa inji

A bisa hankali, idan rashin gudun jini ne tushen kumburin, to gyara gudun jinin ya kamata ya kashe shi. Binciken farko ya ƙarfafa wannan zato. A 1997, likitocin Jami'ar Columbia sun ba da rahoton cewa IL-6 ya sauka a jinin majiyyatan da aka ceto da inji. A 1999 Guillermo Torre-Amione da abokan aikinsa a Houston suka kwatanta naman zuciya kafin a sa inji da bayan an cire shi, suka ga TNF ɗin da ke cikin naman ya ragu sosai.

Amma da aka koma ga injinan zamani masu juyawa, aka kuma bi majiyyata na dogon lokaci, sai hoton ya sauya. Masu bincike a birnin Toronto na Kanada sun nuna a 2014 da 2015 cewa alamomi da dama, har da CRP, suna ci gaba da zama sama da na lafiyayyu watanni bayan tiyata, wasunsu ma sun zarce na masu gazawar zuciya da ba a sa wa inji ba. Wato injin ya toshe wata kafa ta kumburi, ya kuma buɗe wasu.

Waɗannan kafofi sanannu ne. Ta farko ita ce tiyatar kanta, domin buɗe ƙirji babban rauni ne, sai dai tasirinsa kan lafa cikin makonni. Ta biyu, jini yana gogayya dare da rana da ƙarfen titaniyom da bututun roba, kuma garkuwar jiki ba ta daina kallon su a matsayin baƙi. Ta uku ita ce gudun farfela. Ta injin HeartMate II tana juyawa kimanin sau 9,000 a minti, ta HeartMate 3 kuwa, wadda maganaɗisu yake riƙe da ita ba tare da ta taɓa komai ba, tsakanin sau 5,000 da 6,000. Wannan gudu yana fasa wasu jajayen ƙwayoyin jini, yana tayar da fararen, yana kuma yanyanka wani babban furotin da ke taimaka wa jini ya daskare, abin da ya sa zubar jini a hanji ta zama ruwan dare ga masu inji. Ta huɗu, injin ɓangaren hagu kaɗai yake tallafawa, saboda haka idan ɓangaren dama ya raunana, hanta da hanji za su ci gaba da cunkushewa. Ta biyar, wadda ta fi duka hatsari, ita ce wayar nan da ta huda fata. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wannan tsaga kuwa ba ta rufuwa muddin injin yana jiki. A gwajin REMATCH, daga cikin mutum 41 da suka rasu a rukunin masu inji, 17 cutar bakteriya ce da ta mamaye jini ta yi ajalinsu.

Kuskure na farko: yaƙar alama

Akwai masu ganin cewa tun da an san sinadaran, an kuma ƙera magungunan da ke toshe su, me zai hana a ba masu inji? Wannan tunani yana da daɗin ji, amma tarihi ya riga ya gwada makamancinsa. Bayan binciken 1990, an ɗauki magunguna biyu masu toshe TNF, waɗanda suka yi fice wajen amosanin gaɓɓai, aka ba masu gazawar zuciya. Gwajin maganin etanercept, wanda ya ƙunshi mutum 2,048, an dakatar da shi a 2001 saboda babu alamar amfani. A gwajin infliximab kuwa, wanda aka buga a 2003 da mutum 150, waɗanda aka ba kaso mafi yawa sun fi sauran mutuwa ko komawa asibiti. An toshe sinadarin kamar yadda aka yi niyya, amma majiyyatan ba su samu sauƙi ba.

Masu wancan ra'ayi kan kafa hujja da gwajin CANTOS na 2017, wanda Paul Ridker ya jagoranta. Hujjar tana da nauyi, kuma bai dace a raina ta ba. An ba mutum 10,061 da suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, kuma CRP ɗinsu yake sama, ko dai maganin canakinumab ko kuma allurar da babu magani a cikinta. A matsakaicin kaso, maganin ya rage sake aukuwar manyan matsalolin zuciya da kimanin kashi 15 cikin 100. Wannan ya tabbatar da cewa kumburi yana da hannu a wasu cututtukan zuciya. Amma a gwajin nan dai, mutuwa ta dalilin ƙwayoyin cuta ta ƙaru ga masu karɓar maganin, kuma jimillar mace-mace ba ta bambanta ba. Waɗannan kuwa mutane ne da fatarsu take a rufe. Ina ga wanda waya ta ratsa cikinsa, wanda garkuwar jikinsa ce kaɗai take tsare ƙofar? Raunana garkuwar irin wannan mutum don a ga adadi ya sauka a takarda zai iya zama garin neman gira a rasa ido.

Kuskure na biyu: watsi da alama

A ɗaya gefen kuma akwai masu cewa gwajin ɓata kuɗi ne. Hujjarsu ita ce CRP ba ya faɗin inda wutar take. Mura tana ɗaga shi, ciwon haƙori yana ɗaga shi, ƙiba ma tana ɗaga shi. Idan kusan kowane mai inji adadinsa yana sama, wane labari gwajin zai bayar? Gaskiya ne, awo guda ɗaya ba ya faɗin abu mai yawa. Amma laifin na yadda ake awon ne.

Misalin wani sinadari mai suna LDH ya isa darasi. Shi ba alamar kumburi ba ne, yana fita ne daga jajayen ƙwayoyin jini idan sun fashe, kuma shi ma yakan zauna sama ga masu inji. A binciken da aka buga a farkon 2014, asibitoci uku na Amurka sun lura cewa toshewar injin HeartMate II da gudan jini cikin wata uku na farko ta tashi daga kashi 2.2 zuwa kashi 8.4 cikin 100. Da suka waiwayi bayanan majiyyatan, sai suka ga LDH yakan ninka makonni kafin a gane toshewar. Tun daga nan bibiyar LDH ta zama al'ada a asibitocin da ke sa inji. Abin da ya ba shi daraja shi ne an auna shi sau da yawa a jikin mutum ɗaya, an san hawan da ke nufin hatsari, an kuma san matakin da za a ɗauka. Alamomin kumburi ba su samu irin wannan kulawa ba tukuna, domin yawancin binciken da aka yi a kansu na majiyyata kaɗan ne, a asibiti guda, kuma kowa da lokacin da yake ɗibar jini.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, a auna alamomin kafin tiyata, a ci gaba da aunawa a ƙayyadaddun lokuta bayanta, domin a san inda adadin kowane majiyyaci ya saba tsayawa. Wanda nasa ya daɗe a wuri ɗaya sannan ya ninka cikin mako guda, akwai dalili, domin ruwa ba ya tsami banza. A duba bakin wayar, a yi gwajin noman ƙwayar cuta a jini, a ɗauki hoton ciki. Cutar da aka kama tana bakin fata ta fi sauƙin magani nesa ba kusa ba a kan wadda ta bi waya ta kai ga injin.

Na biyu, asibitoci su daidaita hanyar awo, su zuba sakamakon wuri ɗaya. Amurka tana da rajistar INTERMACS, wadda ta fara tattara bayanan masu inji a 2006. Irin wannan rumbu ne kaɗai zai iya nuna wace alama ce take hasashen zubar jini, wacce take hasashen shanyewar ɓarin jiki, wacce kuma take nuna zuciyar da za ta warke. Batun warkewa ba tatsuniya ba ne. A 2006, Emma Birks da Magdi Yacoub na Asibitin Harefield a Ingila sun ba da rahoton cire inji daga jikin mutum 11 cikin 15 bayan zukatansu sun huta sun murmure. A sauran asibitoci masu irin wannan sa'a ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma duk alamar da za ta taimaka a gane su da wuri tana da babbar daraja.

Na uku, a mayar da ƙarfi ga tushen kumburin: tsaftar bakin waya, rage ruwan da ya taru a jiki, ƙera injin da ba ya wahalar da jini, da kuma binciken da ake yi na injin da za a caje shi ta bayan fata ba tare da waya ba. Na huɗu, duk maganin da aka yi zaton zai taimaka, a bi da shi ta gwaji na gaskiya a kan masu inji su kansu. Shekaru da dama ana ba su asfirin bisa zaton yana hana gudan jini. Da aka gwada a kan mutum 628, sakamakon 2023 ya nuna cewa masu HeartMate 3 da ba su sha shi ba sun fi ƙarancin zubar jini, kuma gudan jini bai ƙaru gare su ba.

Kammalawa

Injin taimakon zuciya ya yi wa mafi yawan majiyyatan Afirka nisa saboda tsadarsa, amma gazawar zuciya da gwajin CRP ba su yi nisa ba. A shekarun 1970, likitocin Jami'ar Ahmadu Bello sun nuna cewa gazawar zuciya bayan haihuwa tana kama kimanin mace 1 cikin 100 a yankin Zariya. A 2006 Karen Sliwa da abokan aikinta suka bi mata 100 masu wannan ciwo a Soweto ta Afirka ta Kudu, suka tarar cewa waɗanda CRP ɗinsu ya fi hawa su ne zukatansu suka fi buɗewa da rauni. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka suke ɗaga wannan alama kullum, karanta ta yana buƙatar taka-tsantsan fiye da na Houston ko Toronto.

Saboda haka akwai abin da malamin kimiyya zai ɗauka daga wannan labari ya kai aji. Tafiyar abu biyu tare ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan, kuma saukar adadi a takardar gwaji ba ita ce samun lafiya ba. Ɗalibin da ya riƙe wannan ƙa'ida, idan ya ga sakamakon gwaji, tambaya uku zai yi: me ya ɗaga wannan adadi, nawa yake a jikin wannan mutum a watan jiya, kuma wane gwaji ne ya nuna cewa sauke shi zai tsawaita rayuwarsa? Likitocin da ke kula da masu injin zuciya sun amsa ta farko gwargwado, suna da halin amsa ta biyu idan sun daidaita awonsu, ta uku kuwa tana nan tana jiran masu bincike.